Tumatirin Kawu a bakin Binuwai: yanda zafin azumin 2024 ya ci lambu daga ciki

Ranar sha biyu ga azumi Kawu ya kira ni a waya bayan la'asar, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce ɗana in kana da sarari gobe ka zo ka duba min tumatirin nan, wani abu na cinsa kuma na rasa gane kansa. Kawu ba mai saurin kiran mutum ba ne a kan harkar lambu, shekararsa ta fi talatin yana noman rani a bakin kogin Binuwai nan arewacin Kamaru, ni kuma da na yi karatun aikin gona a Marwa rabin abin da na sani a hannunsa na fara gani tun ina yaro. Shi ya sa ban ma tsaya tambaya ba, washegari da sassafe na hau mashin na bar Garwa.

Lambun yana hanyar Pitowa ne, sai ka saki titi ka gangara hannun dama wajen kogi. Ƙasar jigawa ce mai yashi-yashi, tana shan ruwa da sauri tana kuma sakinsa da sauri. Fangali biyu manya ya yi na tumatir, iri ɗaya, dashen rana ɗaya, taki ɗaya. Ɗaya yana fili fetal babu ko kara a kusa, ɗayan kuma yana jikin layin darbejiya da mahaifinsa ya shuka ta yamma, wanda daga ƙarfe biyu na rana inuwarsu take fara rufe kusan rabinsa. Wannan bambancin shi ne ya buɗe min ido daga baya, dan haka a riƙe shi.

Yanda aka yi ya makara kuwa, da gangan ne rabi. Irin farko da ya zuba awaki suka shiga suka cinye, sai ya ce to tunda an riga an makara bari ya auna kasuwar azumi da sallah, lokacin da tumatir ke wuya kajo ɗaya, wato akwatin tumatir, ya yi kuɗin biyu. Ya yi dashe wajen goma ga Janairu. Lissafinsa ba na banza ba ne, duk mai lambu a yankinmu ya san kuɗi na cikin tumatirin bazara, sai dai wanda ya same shi. Watan Fabrairu komai lafiya, dare da ɗan sanyin hunturu, furen farko da na biyu suka kama 'ya'ya gwanin sha'awa. Daga shigowar Maris abu ya fara juyawa, kuma duk wanda ya yi azumin shekarar bai manta ba, zafin ya game Sahel gaba ɗaya, har a garin Kayes na Mali an auna digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Mu nan Garwa da ma a kwari muke, Maris da Afrilu wuce arba'in ba labari ba ne.

Abin da na tarar a fangalin fili ya ɗaga min hankali. Fure duk a ƙasa, ka taɓa reshe da ɗan yatsa sai ka ga furen ya ɓalle daga wuyansa, wuyan ya yi rawaya. Ganyen sama ya nannaɗe kaman cokali, bakinsa ya bushe ya yi ruwan ƙasa, wasu a tsakiyarsu akwai tabo fari-fari kaman takarda. 'Ya'yan da suka fara nuna kuma maimakon ja sai ruwan lemo, kafaɗarsu rawaya da tauri, ɓangaren da ke kallon rana ya yi fari ya lotsa kaman an ɗiga masa tafasasshen ruwa. Akwai masu baƙin gindi ma. Na rataye ma'aunin zafi a inuwar rumfa, da azahar ya kai 43, da na kwana a can na duba kafin sahur bai sauka ƙasa da 28 ba.

Kawu ya ɗauka cuta ce ko ƙwari. Kuma ba laifinsa ba ne, ya kai ganyen wani shagon maganin gona a gari, yaron shagon ko juya ganyen bai yi ba ya haɗa masa maganin ƙwari da wani hoda mai farar wuta, ya ce ya ƙara takin ure dan shukar ta samu ƙarfi. Shi kuwa ya bi, an yi feshi sau biyu da hantsi ya ɗaga sosai, an watsa ure. Bayan kwana uku ganyen ya ƙara ƙonewa.

Ni ma ban yi saurin yanke hukunci ba, sai da na bi ganye ɗaya-ɗaya. Tsutsar nan mai shiga tsakanin fatar ganye wadda 'yan Najeriya ke cewa sharon, in ka ɗaga ganyen a rana za ka ga raminta da kashinta baƙi-baƙi a ciki, na samu 'yan kaɗan amma ba su kai su yi wannan ɓarnar ba. Cutar nannaɗewar ganye da farin ƙuda ke kawowa kuma tana tsugunar da shuka ne ganyen ya ƙanƙance ya yi rawaya, kuma ba ta zaɓar inda babu inuwa. Nan kuwa abin kaman an ja layi da igiya, iya inda inuwar darbejiya ta tsaya da yamma iya nan ɓarnar ta yi sauƙi. A ƙarƙashin inuwar ma fure ya zube amma akwai masu kamawa, ganye kore, 'ya'ya sun fi ja. Ƙwaro bai san layin inuwa haka ba.

Sai na tambayi yanda ake ban ruwa, a nan ne sauran labarin ya fito. Kafin azumi yaran da ke masa aiki suna ba da ruwa kullum da safe. Da azumi ya shigo ga ƙishi ga tsadar man inji, sai suka koma kwana biyu wani lokaci uku, su bari sai wajen ƙarfe goma su tada injin su cika fangali ya yi tafki su tafi. A ƙasar yashi wannan ruwan kafin washegari da azahar ya riga ya gudu. Wallahi ban ga laifin yaran ba, wanda ya taɓa jan tiyo da bakin azumi a zafin Garwa ba zai zage su ba. Amma shuka ba ta san uzuri ba.

To me ke faruwa a cikin ganyen. Wannan shi ne abin da na zauna na yi wa Kawu bayani bayan shan ruwa, muna kan tabarma, kuma shi ne dalilin wannan rubutun, dan yawancinmu mun ɗauka rana tana ƙona ganye ne daga waje kaman yanda wuta ke ƙona kara, alhali mafi yawan ɓarnar daga ciki take tasowa.

Ganye murhu ne. A cikin yawancin ƙwayoyin halittarsa akwai wasu 'yan koren ɗakuna da ake kira kulorofilas, nan ake kama hasken rana a haɗa shi da ruwa da iskar kabon a dafa sukari. Kowane murhu kuwa yana tartsatsi. Ko a rana mai daɗi, kaɗan daga ƙarfin hasken yana kuɓucewa ya faɗa kan oksijin, sai oksijin ɗin ya rikiɗe ya zama wani abu mai cin duk abin da ya taɓa. Masana suna da sunayensu, akwai sufa-oksayid, akwai haidurojin feroksayid, akwai wanda ya fi su duka mugunta da ake kira haiduroksil. Ni na fi son in kira su tartsatsin oksijin. In sun faɗa kan kitsen da aka gina bangon ƙwayar halitta da shi sai ya lalace, irin lalacewar da man gyaɗa ke yi in ya daɗe a buɗe ya canza wari, hanya ɗaya ce. In sun faɗa kan furotin su karya shi, in kan koren ganye su koɗar da shi, wannan farin tabon da na gani kenan.

Kawu ya ce to ai in haka ne da kowace shuka ta mutu tun ranar da ta tsiro. Na ce gaskiyarka Kawu, abin da ya hana shi ne Allah ya yi mata masu kashe tartsatsin, su ake kira antioksidan, kuma aikinsu a jere yake kaman masu miƙa bokiti a gobara. Na farko wani anzim ne, wato furotin mai hanzarta sauya sinadarai, da ake taƙaita sunansa SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969, shi ke kama sufa-oksayid ya mai da shi haidurojin feroksayid. Shi ma wannan guba ne, sai katalas ya karɓa ya fasa shi ya koma ruwa da oksijin, kuma saurinsa abin mamaki ne, ƙwaya ɗaya tana fasa miliyoyi a daƙiƙa. A cikin kulorofilas kuma wani anzim ɗin ne ke wannan aikin, askobet feroksidas, shi kuma da bitamin C yake aiki, wannan dai bitamin C da muke nema a lemo, shuka dan kanta take yinsa ba dan mu ba. Duk sanda bitamin C ya kashe tartsatsi sai ya gaji, sai wani sinadari gulutatayon ya farfaɗo da shi, shi ma gulutatayon a farfaɗo da shi da ƙarfin da ganyen ya samo daga haske. Foyer da Halliwell ne suka bayyana wannan zagayen a 1976. Ga bitamin E zaune cikin bangon kitse yana tsaronsa, ga karotin, ga filabonoyid. Gida ne cike da masu gadi.

Yanzu ga inda zafi ke shigowa, kuma ta ƙofa uku yake shigowa lokaci ɗaya shi ya sa abin ke da wuya.

Ƙofa ta farko ƙishi ne. Ƙarƙashin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon ke shiga ta nan ruwa ke fita kaman gumi, kuma wannan gumin shi ke sanyaya ganye, kaman randa. Shukar da ta ƙoshi da ruwa ganyenta kan fi iskar wurin sanyi. Da ruwa ya yanke a saiwa sai ta rufe ƙofofin dan kar ta bushe, shi kenan sanyaya ta tsaya ganye ya ɗau zafi ya wuce na iska, kabon kuma ya daina shiga. Amma rana ba ta daina zubowa ba. Murhu na ci tukunya babu komai. Duk ƙarfin hasken da ya kamata ya tafi dafa sukari sai ya rasa wurin zuwa ya faɗa kan oksijin, tartsatsi ya ninka. Ban da haka anzim ɗin da ke kama kabon, rubisko, in zafi ya yi yawa yana yawan kuskure ya kama oksijin a madadin kabon, gyaran wannan kuskuren kuma shi kansa haidurojin feroksayid yake fitarwa, sannan mataimakinsa da ke tada shi aiki yana cikin abubuwan da zafi ke fara kayarwa. Tumatir yana cikin shuke-shuken da wannan matsalar ta fi damu. Dawa da gero da masara da alayyafo suna da wata dabara ta tara kabon a kusa da rubisko, shi ya sa za ka ga dawar masakwa tsaye a karal, wato ƙasar laka, cikin rani ba ban ruwa tana harkarta.

Ƙofa ta biyu, su kansu masu kashe gobarar furotin ne, zafi na taɓa su. In zafin matsakaici ne ko na 'yan awowi, shuka tana ƙara yawansu ne ma, domin ɗan tartsatsin farko shi ne ƙararrawar da ke tada su, har ta ƙera wasu furotin na musamman masu riƙe sauran kar su narke. Amma in abin ya zama kullum, sati biyu sati uku, sai lissafi ya juye. Katalas da ma haske mai ƙarfi na lalata shi kullum sai an sake ƙera sabo, in zafi ya hana ƙerawa sai ya yi ƙasa. Askobet feroksidas na cikin kulorofilas kuma da zarar bitamin C ya ƙare a kusa da shi, shi ma tartsatsin ke kashe shi cikin ɗan lokaci.

Ta ukun ita ce dare, kuma ita mutane suka fi mantawa da ita. Bitamin C daga sukari ake yinsa. Gyaran duk abin da rana ta ɓata sukari yake ci. Shuka tana numfashi da dare tana ƙona sukarin da ta tara, in dare ya yi zafi numfashin ya ƙaru ta ƙone da yawa. Kenan da rana ba ta dafa isasshe ba, da dare ta cinye ɗan abin da ke akwai, gari ya waye ta fuskanci wata ranar da rumbu wayam. Da na faɗi wannan Kawu ya yi shiru sannan ya ce, kaman mai azumin da bai samu sahur ba. Na ce haka yake Kawu.

Abin da ya sa ya yarda gaba ɗaya kuwa maganin ciyawa ne. Na tambaye shi ya san farakwat, wannan da ake fesa wa ciyawa da safe kafin washegari ta ƙone ƙurmus, ya ce ya sani mana. Na ce to ai ba wuta ce a cikin kwalbar ba, abin da yake yi kawai shi ne ya sace ƙarfin haske a cikin kulorofilas ya miƙa wa oksijin, tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashewa, ciyawa ta ƙone kanta da kanta, shi ya sa ya fi saurin ci in akwai rana. Zafi da ƙishi suna yi wa tumatirinka irin wannan ne a hankali. Guba ne mai kisa ga mutum ma, na roƙe shi ya daina barin yara suna taɓa shi hannu ba safa.

Washegari na shigo gari na sayo o oksijene a farmasi, wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa, shi ne dai haidurojin feroksayid ɗin da aka sirka. Na daka ɗanyen ganyen tumatir a wani murfi, na tafasa wani na daka a wani murfin, na yanka dankalin turawa ɗanye da dafaffe na ajiye gefe. Na ɗiga musu. Ɗanyen dankalin nan take ya hau kumfa fari tas har yana ƙara siii, ɗanyen ganyen ma ya yi nasa 'yan ƙananan kumfa a gefe-gefe, dafaffun kuwa ko motsi, ruwan ya kwanta a kansu kaman ruwan rijiya. Yaran aikin suka zagaye mu suna magana da Fillanci suna nunawa da yatsa. Na ce wannan kumfar katalas ne kuke gani yana aiki, wancan kuma zafi ya kashe shi. Tafasa ta wuce zafin lambu nesa ba kusa ba, na faɗa musu haka, nuni ne kawai dan ido ya ga cewa akwai mai aiki a cikin ganye kuma zafi na iya tsayar da shi.

Gwaji na biyu ya fi kusa da abin da ake yi a ɗakin bincike. Na aro ƙaramin ma'aunin gishirin ruwa wurin wani abokina mai kiwon kifi, na huda ganye da bakin murfin biro guda goma-goma daga fangalin fili da na inuwa, duk koraye na zaɓa ba ƙonannu ba, na ɗauraye na zuba kowanne a kofi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba. Bayan awa uku na auna. Kofin fangalin fili ya fi nuna gishiri a fili ƙarara. Ma'anarsa bangon ƙwayoyin ya riga ya fara yoyo abin ciki na tsiyayowa, tun ganyen yana kore ido bai ga komai ba. Masu bincike suna haɗa wannan da auna wani sinadari MDA, wanda shi ne tokar da ke saura in tartsatsi ya ci kitsen bango.

Maganar fure ita ta fi ci wa Kawu rai dan nan kuɗin yake. A duk jikin tumatir babu abin da ya kai garin fure rauni a gaban zafi, musamman wajen kwana goma kafin furen ya buɗe, lokacin da ake ƙera garin. In rana ta wuce digiri 32 zuwa 35 dare kuma bai sauka ƙasa da 21 zuwa 24 ba, garin yana fitowa kaɗan kuma yawancinsa matacce, tartsatsin oksijin na da hannu dumu-dumu a ciki, kuma bincike ya nuna irin tumatirin da garin furensa ke da filabonol da yawa, wani nau'in filabonoyid, ya fi jurewa. Wani lokaci ma zafi kan sa macen furen ta yi tsawo ta leƙo waje ta wuce inda garin zai zubo mata. Furen da bai samu gari ba shuka ba ta ɓata abincinta a kansa, sai ta yanke shi daga wuya. Abin da wannan ke nufi mai ɗaci ne, furen da ke zuba yau tun kwana goma baya aka gama da shi, babu feshin da zai dawo da shi.

Launin ma haka. Jan tumatir likofen ne, shi ma antioksidan ne, kuma in zafin ɗan tumatir ya wuce wajen digiri 30 zuwa 32 yinsa yana tsayawa, karotin mai ruwan lemo kuma ya ci gaba. Ɗan da rana ke duka kai tsaye zafin fatarsa ya fi na iska nesa. Ga shi ganyen da zai rufe shi ya nannaɗe. Baƙin gindin kuma daga ban ruwan yau-akwai-gobe-babu ne, kalsiyam da ruwa yake tafiya, in ruwa na yankewa ba ya isa ƙarshen ɗan.

Shi kuwa ure da feshin hantsi sun zo ne suka ƙara wa Borno dawaki. Farar wuta a kan ganye in zafi ya wuce talatin ƙona shi take, wannan ko a takardar maganin akan rubuta. Ure kuma yana tura shuka ta fitar da sabon ganye mai laushi mai son ruwa a lokacin da saiwa ba ta iya ciyar da wanda ke akwai, ga gishirinsa a busasshiyar ƙasa. Wannan ne ya fi ɓata min rai a duk lamarin, mutum ya cire kuɗin cefanen azumi ya sayi abin da zai ƙara masa asara saboda wanda ya sayar masa bai tambaye shi ko sau nawa yake ban ruwa ba.

Abin da muka yi ba shi da tsada. Aka daina ure aka daina feshi. Ban ruwa ya koma kullum, kaɗan-kaɗan, bayan sallar asuba kai tsaye kafin rana ta fito, ranar da iska mai zafi ta buso a ƙara wani bayan an sha ruwa, yaran ma sun fi son haka dan ba sa shan rana. Man da inji ke sha bai wani ƙaru ba tunda an daina yin tafki. Muka shimfiɗa bawon shinkafa da tattakar kara a gindin shuka, ka tura hannu ƙarƙashinsa da azahar ka ji ƙasa da danshi da sanyi alhali taku ɗaya gefe ba ka iya tsayawa ba takalmi. Ta yammacin fangalin fili muka kafa zana muka yi 'yar rumfar kara mai shara-shara a kan layukan da suka fi 'ya'ya, wadda ke rage rana ba ta toshe ta ba. Muka barbaɗa tokar murhu kaɗan muka bi da ruwa saboda fotasiyam, shi ke taimaka wa ƙofofin ganye buɗewa da rufewa. 'Ya'yan kuma na ce a dinga cire su da zarar gindi ya fara canza launi, a shimfiɗa a ɗakin ƙasa a rufa da jiƙaƙƙen buhun algarara su ƙarasa nuna a can. Sun fi na kan reshe ja, ko da ba su kai na Janairu ba.

Wani maƙwabcin lambu ya kawo shawarar wata kwalba da aka rubuta wai maganin gajiyar shuka. Na karanta bayanta, takin ganye ne mai zinki da manganis da sauransu. Gaskiya ne SOD da waɗannan ƙarafan yake aiki, wani da jan ƙarfe da zinki wani da manganis wani da baƙin ƙarfe, katalas ma baƙin ƙarfe ne a zuciyarsa, dan haka shukar da ta rasa su tsaronta na da rauni, kuma ƙasar yashi takan rasa. Amma a ganina abu ne da ake gyarawa tun wajen shirya ƙasa da takin gargajiya, ba ranar da gobara ta kama ba, kuma ba ya maye gurbin ruwa da inuwa. Na ce wa Kawu ya riƙe kuɗinsa.

Sakamakon ba zan ƙawata shi ba. Fangalin fili bai sake kama fure na kirki ba har muka tuge shi bayan sallah, abin da aka samu a cikinsa 'ya'yan Fabrairu ne da muka ceto daga ƙunar rana. Sabon ganye dai ya fito lafiya ba tabo cikin kwana goma, wanda ya tabbatar min ba cuta ba ce. Na jikin darbejiya ya ci gaba da ba da kaɗan-kaɗan har ƙarshen Afrilu, kuma da yake kasuwa ta yi tsada shi ya mayar da kuɗin iri da mai da na yara. Riba babu. Kawu ya ce alhamdulillahi tunda ba a ci bashi ba.

Da kaka ta zagayo ya zuba iri tun Oktoba ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, kuma kafin dashe ya yi abin da muka tattauna, sati guda yana rage wa irin ruwa yana janye rumfarsa a hankali dan ya saba da rana, wannan ɗan wahalar ita ke sa shuka ta tara masu kashe tartsatsinta tun kafin ta shiga fili. Ya yi dashe a Nuwamba, furensa ya faɗo cikin sanyin Disamba da Janairu. Tumatirin bazara bai haƙura da shi gaba ɗaya ba, ya bar layi huɗu a jikin darbejiya kawai, fangalin fili kuma in Fabrairu ta ƙare kuɓewa da yakuwa da alayyafo yake sawa. Ya kuma dasa zogale layi guda ta yammacinsa, ya ce kafin darbejiya ta girma shekaru ne, zogale kuwa damina ɗaya ya wuce kan mutum.